Tutar Gidan Toutain

A ƙauyen Bosc-Hamel da ke yankin Normandi ba a kai gawa makabarta a mota. Da can ba a yi, har zuwa shekarar da Firmin Quesnel ya rasu ba a taɓa yi ba. In mutum ya cika, 'yan jinƙai ne ke zuwa har ƙofar gidansa, wato mazan ƙauyen da suka yi rantsuwa a coci cewa mai hali da marar hali duk a kafaɗarsu za su tafi. Kowa da aikinsa. Mutum huɗu su ɗauki akwati, ɗaya ya riƙe 'yan ƙararrawa biyu yana kaɗawa, ɗaya ya shige gaba da tuta. Mai tutar nan kuwa kullum ɗan gidan Toutain ne, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa. Wanda take hannunsa a lokacin shi ne Émilien Toutain, dattijo siriri mai dogayen ƙafafu, manomin tuffa, wanda in ka gaishe shi sai ya amsa maka da tarihin gidansu.

Ba wanda ya tsira daga tarihin nan, har Fada, limamin coci. Émilien zai gaya maka cewa sunan ba na ƙasar ba ne, mutanen arewa ne suka zo da shi cikin jiragen ruwa fiye da shekara dubu da ta wuce, suka shigo ta bakin kogi, suka ga ciyawa da shanu, suka ƙi komawa. Ya ce asalinsa sunan gunkinsu na tsawa ne aka haɗa da kalmar dutse, bakin mutane ya yi ta gogarsa har ya koma Toutain. Daga nan sai ya gyara tsayuwa ya kai ka ga babban labarin. Wai ranar da sarkin Normandi ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi, manyan jarumai kowa ya kawo uzurinsa, wani Toutain ne ya karɓi tutar sarki ya shige gaba da ita. Ko kakansa ne na jini, ko suna ne kawai ya zo ɗaya, Émilien bai taɓa tsayawa bincike ba, kuma ba ya ƙaunar mai tsayawa.

Mutum ɗaya ne ke iya taka masa birki, maƙwabcinsa Firmin, mai shanun tatsa, gajere kakkaura mai dariya kamar ana gangara ganga. Tare suka yi makaranta, tare suka yi rantsuwar jinƙai a rana ɗaya, Émilien ya karɓi tuta, Firmin ya karɓi kusurwar akwati ta gaba a dama. Tun daga ranar kuwa Émilien bai sake shan ruwa lafiya ba.

"To, a taƙaice dai, kakanninka 'yan fashin teku ne," in ji Firmin, duk sanda aka zo wurin jiragen ruwan nan. "Ci gaba, muna jin ka."

In Émilien ya kawo wani Toutain da ya yi Fada, wanda aka ce ya ɓoye ƙararrawar coci cikin tafki lokacin da aka tayar wa coci-coci da hankali, sai Firmin ya ce ai shi ya sa har yau take kuka kamar mai mura. In ya kawo wanda ya tafi Kanada ya aiko da wata ƙatuwar fatar dabba, Firmin ya tuna masa cewa asu ne ya ci gajiyarta. A wurinsa, duk zuri'ar nan wanda ya yi abin faɗa shi ne saniyar kawun Émilien da ta ciyo lamba a kasuwar baje koli, ita ma don ba ta san sunan gidansu ba ne. Yakan ce su suna ɗaukar mutane, Émilien yana ɗaukar ƙyalle. Émilien ya kumbura, ya yi kwana biyu ba ya leƙa shinge, a na uku ka gan su a kicin ɗin Firmin suna kurɓar kofi da ɗigon barasar tuffa a ciki. Haka suka tsufa.

Ita ma ƙungiyar ta tsufa tare da su. Da sun fi goma sha biyu, har ana yin canji a hanya. Samari suka watse birnin Rouen aikin masana'anta, tsofaffi suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya a kafaɗar sauran, har aka wayi gari saura mutum shida cif, ba rara. Ba wanda ya so ya yi lissafin abin da zai faru in ɗaya daga cikin shidan ya kwanta. Sai ga shi Firmin ya kwanta da rani, ya yi ta fama, a lokacin tsinkar tuffa ya rasu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, shugaban ƙungiya Léonce Vauquelin ya sami Émilien a gona. Ya tarar da shi zaune kan buhu, tuffa zube a ƙasa bai tsinci ko ɗaya ba, idanunsa jawur. Léonce tsohon kafinta ne, mai magana ɗaya. Suka yi wa juna gaisuwar rashi, sannan Léonce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce masu ɗauka saura uku, shi da 'yan gidan Hébert wa da ƙane. Anatole mai ƙararrawa ƙafarsa lafiya lau, tsohon mai raba wasiƙa ne, amma tun da aka yi masa aiki a baya likita ya hana shi ɗaukar ko bokitin madara. Akwati kuwa ba ya tafiya da mutum uku. Saura wa ke nan?

Émilien ya gane tun kafin a ƙarasa. Ya ce a rantsar da wani mana, ga ɗan gidan Marais mijin 'yarsa, ƙato ne kamar bijimi. Léonce ya ce rantsuwa sau ɗaya ake yi a shekara, ranar idin waliyyin ƙauye, ta wuce, kuma wanda bai rataya ƙyallen 'yan jinƙai a kafaɗa ba ba ya taɓa akwati, haka ya tarar, haka zai bari. Émilien ya ce shi ma haka ya tarar, ba a taɓa fita da gawa a Bosc-Hamel ba tuta a gaba ba, ba a kuma taɓa ganinta a hannun da ba na Toutain ba. Ubansa ya ɗauke ta da zazzaɓi a jikinsa, kakansa ya ɗauke ta ranar da aka binne matarsa. Shi ne zai zama na farko da zai jingine ta?

"To ka zaɓa," in ji Léonce. "Ko ka ajiye tuta ka kama kusurwar Firmin, ko a kira motar kamfanin jana'iza daga garin Bernay. Jibi ne binnewa."

Ya sa hularsa ya tafi. Kai, tsofaffin ƙauyen nan, in suka kafe a kan abu ko jaki sai ya sara musu.

Émilien ya koma gida zuciyarsa a cunkushe. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗa namiji kuwa Allah bai ba shi ba, sai 'ya ɗaya, Huguette, wadda ke auren ɗan Marais a ƙarshen ƙauye, take leƙo shi kullum da miya a kwano. Ta same shi a tsaye gaban wayar tarho yana kiran wani ɗan ɗan'uwansa da ke Rouen, shi ma Toutain, mai sayar da tabarau. Yaron ya yi ta'aziyya da ladabi, ya ce ai kuwa zai so ya ga tutar nan da ake ba shi labari, amma shago ba mai tsaro, ko za a iya ɗaga jana'izar zuwa Lahadi? Émilien ya kife wayar bai yi sallama ba.

Huguette ta ajiye kwano ta ce, "Baba, ni fa? Ba ni tutar in riƙe, kai ka ɗauki Kawu Firmin."

Ya ce mata mace ba ta shiga sahun 'yan jinƙai, kuma ita ai yanzu Marais ce.

"Marais a takarda. Hancin nan naka ne a fuskata, taurin kan ma naka ne. Mai tabarau da ka gani sau biyu a rayuwarka ya fi ni zama Toutain ke nan?"

Ta zuba masa miyar ta ce ya sha tun da zafi, ta fita ta rufo ƙofa da ɗan ƙarfi. Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani, amma sanin gaskiya daban, iya haɗiye ta daban. Ko da ya yarda, Léonce ba zai yarda ba. Ya zauna yana juya cokali har miyar ta huce.

Washegari ya tsallaka shinge zuwa gidan mamacin. An tsayar da agogon bango kamar yadda ake yi, an rufe tagogin ɗakin da aka shimfiɗe shi. Émilien ya shiga ya yayyafa masa ruwan albarka da reshen ganye, ya tsaya ya dube shi. Ciwo ya cinye mutumin, amma bakin nan yana nan kamar yanzu zai buɗe ya yi tsiya. Ya fito kicin ya tarar da Odile, matar Firmin, tana yanka burodi don masu zuwa gaisuwa. Mace ce marar hayaniya, ta shekara hamsin tana sauraron faɗan mutanen nan biyu ba ta taɓa shiga ba. Ta zuba masa kofi, ta ɗiga masa barasar kamar kullum, ta zauna.

Shi ya fara kame-kame, yana cewa ana nan ana neman mafita. Ta ce kada ya wahalar da kansa, da yamma za ta kira mutanen Bernay, an ce motarsu tana da tsabta, direban ma yana sa baƙaƙen kaya. Ta faɗi haka ne ba fushi ba gori, tana kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga kan tebur. Émilien ya tambaye ta ko abin da Firmin ya so ke nan.

"Abin da ya so ka san shi," in ji ta. "Mutumin da ya ɗauki rabin ƙauyen nan a kafaɗa, a mota zai so ya tafi? Amma ya yi lissafin tun yana kwance. Ya ce mini, Odile, za su rasa mutum ɗaya, kada ki kuskura ki roƙi Émilien. Ya ce in bar ka da tutarka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, ga kuma haushin mamacin, wai har a gadon mutuwa ya riga ya yanke cewa ƙyalle ya fi shi daraja a wurin abokinsa. Abin da ya fi ciwo shi ne, har zuwa wannan safiyar mutumin bai yi ƙarya ba. Ya shanye kofin, ya miƙe, ya ce mata ta dakata da kiran Bernay zuwa faɗuwar rana. Ba ta tambaye shi dalili ba, ta ce to.

Daga nan coci ya nufa. Tutar tana jingine a ɗakin ajiyar kayan Fada, cikin rigarta ta leda. Ya zare ledar ya tsaya yana kallo. Jan karan-miski ne da ya koɗe, da hoton waliyyi a tsakiya an yi masa aikin zare mai ruwan zinariya, gefe guda Huguette ta yi mata faci bara. A jikin sandar akwai wurin da ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannuwa, nasa da na ubansa da na waɗanda bai sani ba. Ya daɗe a wurin. Ya so a ce wani ya shigo ya ba shi umarni, ko Fada ko ubansa, don ya samu wanda zai ɗora wa laifi, amma ba wanda ya shigo sai matar da ke canza furanni, ita ma ta gaishe shi ta wuce. Ya mayar da ledar, ya ɗaure bakinta, ya biya ta gidan Léonce ya faɗa masa daga bakin ƙofa cewa gobe su huɗu ne. Léonce ya gyaɗa kai kawai, ya ce ya sa takalmi mai kama ƙasa.

Ranar binnewa an kwana ana yayyafi, da safe ya ɗauke ya bar laka. 'Yan jinƙai biyar suka taru a ƙofar gidan Quesnel cikin baƙaƙen riguna, kowa da ƙyallensa mai ado a kafaɗar hagu. Mutanen ƙauye da suka ga Émilien hannu rabbana sai aka fara ƙus-ƙus, wata tsohuwa har ta leƙa bayansa ko ya jingine tutar a bango ne. Shi dai ya kafe idonsa a ƙasa. Ji yake kamar ya fito ba wando. Huguette tana cikin mata, ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai, ta share ido da bayan hannu.

Aka fito da akwatin. Léonce ya nuna masa kusurwar gaba ta dama, shi ya kama ta hagu, 'yan Hébert suka kama baya. Aka ce ɗaya, biyu, aka ɗaga. Nan take Émilien ya ji katako ya zauna masa a kan ƙashi. Ya fi sauran tsawo, don haka nauyin ya karkata, dole ya ɗan ranƙwafa don akwatin ya daidaita. Shekara arba'in yana cikin ƙungiyar nan bai taɓa sanin haka itacen oak yake da nauyi ba, ko da wanda ke ciki ya rame.

Anatole ya shige gaba ya fara kaɗa ƙararrawa, dama, hagu, dama, hagu, kowane kaɗi taku ɗaya. Aka kama hanya. Daga gidan Firmin zuwa coci akwai ɗan nisa, a bi ta tsakanin shingaye, a tsallake gadar rafi, sannan a hau tudu. Kafin a kai gada Émilien ya jiƙe da gumi. Kafaɗarsa tana ci kamar an ɗora garwashi, laka tana jan takalminsa, ga ƙararrawar nan ba ta jira. A bayansa yana jin babban Hébert yana huci, ƙaramin yana tari ƙasa-ƙasa. Can baya kuma yana jin takun mutane, da muryar Fada, da wata 'yar shessheƙa da ya gane ta Odile ce. Duk wannan bai taɓa jin sa ba. Mai tuta hanya kawai yake gani a gabansa, fayau, da iska tana kaɗa masa ƙyalle.

Da suka fara hawan tudu abin ya kai masa iya wuya. Anatole ya ba su rata, yana tafe gadan-gadan kamar wanda zai kama jirgi, ƙararrawa na tashi, su kuwa suna binta da ƙyar. Ƙafar Émilien ta zame, akwatin ya yi tangal-tangal, Léonce ya tare da ƙirji. Ba a magana a sahun gawa, amma haƙurin Émilien ya ƙare. Ya karkato kai ta ƙarƙashin akwatin ya ce cikin raɗa, "Wannan mahaukacin ina za shi? Wasiƙa yake rabawa? Wa ya koya masa wannan gudun da gawa a baya?"

Léonce ya ja numfashi.

"Kai," ya ce. "Takunka yake bi. Da ƙafarka ya koyi kaɗawa."

Émilien ya ce ƙarya ne, shi a natse yake tafiya.

"A natse ga mai ɗauke da ƙyalle. Haka kake ja mana a tudun nan tun muna da baƙin gashi. Hébert ya taɓa yin amai a bayan coci saboda kai."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

Suka yi taku uku ko huɗu. Léonce ya gyara kafaɗa, ya ɗan buga gefen akwatin da yatsunsa.

"Wannan ne ya hana. Sau nawa muka tashi za mu same ka, ya ce duk wanda ya buɗe baki shi da shi ne. Ya ce ku tsokane shi a kan kakanninsa, ku tsokane shi a kan komai, amma ku bar masa tafiyar nan. Ya ce nan ne kaɗai yake ganin ka da farin ciki."

Hanya ta yi wa Émilien dishi-dishi. Mutumin da bai taɓa raga masa a kan ko ƙwayar tuffa ba, ashe shekara da shekaru yana binsa a baya da gawa a kafaɗa, numfashi na neman ɗaukewa, yana kallon ƙeyarsa yana yin shiru. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce masa Firmin ya cika. Hannuwansa biyu suna riƙe da akwati, ba halin share fuska, sai ya bar hawayen suka gangara cikin gashin bakinsa.

Saura rabin tudun. Émilien ya ɗaga murya, a sahun da ba a taɓa jin muryar kowa ba sai ta Fada.

"Anatole. Sassauta, don Allah. Akwai mutane a bayanka."

Ƙararrawa ta tsaya cak. Anatole ya waiwayo baki buɗe, ya dubi Léonce, Léonce ya gyaɗa masa kai. Anatole ya jira har suka iso dab da shi, sannan ya sake ɗaga hannu ya fara kaɗawa a hankali, yana kallon ƙafafunsu. Babban Hébert ya sauke wani dogon numfashi a baya. Émilien ya matsa kuncinsa jikin katakon mai sanyi, ya ƙara shigar da kafaɗarsa ƙarƙashin abokinsa, suka ci gaba da hawa.